Katin Malam da Kujerata

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau sun ƙi karɓar katin.

Yarinyar da ke kan tebur ta goga shi a na'ura sau uku, ta hura masa iska, ta share shi da gefen rigarta, ta sake gogawa. Ni na koya mata yin allura shekara tara da suka wuce, shi ya sa ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Sista, yana nuna an dakatar." Na ce wa ya dakatar? Sai ta juyo min da fuskar kwamfuta, kamar kwamfutar ce za ta ba ni haƙuri.

Malam, maigidana, na zaune a bencinsa na kusa da taga, hularsa a kan gwiwa. Bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba. Na je na biya da hannu. Aka shiga da shi ɗaki na huɗu, awa huɗu kamar kullum.

Shekara talatin da biyar na yi a asibitin nan kafin in yi ritaya. Ban taɓa sanin layin biyan kuɗi yana da tsawo haka ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ofishin fansho, hawa na biyu, taga ta uku. Fankar da ke sama tana juyawa amma iskarta ba ta saukowa. Matar da ke tagar ta duba sunana, ta ɗago, ta ce, "Au, ke ce sabuwar kansilar? Ina taya ki murna." Daga nan ta buɗe min littafin doka, ta ɗora farce a kan sashe na goma sha bakwai.

Duk ma'aikacin da ya yi ritaya, in ya hau kujerar zaɓe mai albashi, za a dakatar da fanshonsa har ya sauka. Wannan na sani. Katin asibiti kuwa a jikin fansho yake rataye, nawa da na wanda nake ɗauke da shi. In fansho ya tsaya, kati ya tsaya.

Na ce to na yafe albashin kansilar, su riƙe abinsu. Ta ce, "Hajiya, doka ba ta ce wanda ya karɓi albashi ba. Cewa ta yi kujera mai albashi. Ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba, kujerar tana da shi."

Na ce majalisa ma ai tana da nata tsarin asibiti. Ta ce akwai, amma ba ya ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi.

Na ce in na sauka fa? Ta ce kwana casa'in daga ranar da takardar saukata ta iso wannan tagar. Ba ta faɗa da mugunta ba. Har ruwa ta miƙo min.

Sati bakwai ke nan da rantsar da ni.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sake biya da hannu. Albashin kujerar gaba ɗayansa bai kai kuɗin asibitin sati guda ba.

Malam ya fito yana wasansa na kullum. Wai shi da ya shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki, yau inji ne ke gyara shi, kuma injin bai iya aiki ba, tunda sai an koma masa sau uku a sati. Ya ce da shi ne ya yi wa mutane irin wannan gyara da tuni an rufe masa shago. Na yi dariya. Na taɓa jin wasan ya fi sau ashirin.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban gaya masa ba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta zo da yaranta. Ta same ni a kicin ina auna wa babanta ruwan shansa na yini a kwalba, ta rufe ƙofa. Ashe yarinyar asibitin ƙawar ƙawarta ce.

Ta ce, "Mama, mutumin da ake wa wankin ƙoda sau uku a sati, shi za ki bari katinsa ya mutu saboda kujera?"

Ba na son kalmar nan. A gidan nan cewa muke yi "ranar inji."

Na ce ba saboda kujera ba ne. Na ce jibi Talata za a yi zaman majalisa a kan filin ɗakin haihuwa na unguwarmu. Shekara huɗu yana rufe, rufinsa ya rufta, awaki ke kwana a ciki. Ciyaman na so a ba 'yan kasuwa filin su gina shaguna. Mu kansiloli goma sha ɗaya ne, shida ba su yarda ba, biyar sun yarda. In na tashi, biyar da biyar, sai Ciyaman ya raba gardama da ƙuri'arsa. Na ce ta bar ni in jefa ƙuri'ata jibi, in sauka a ranar.

Ta ce, "Takardar da kika sa wa hannu lokacin tsayawa takara, babu wannan maganar ta kati a ciki?"

Ruwan ya wuce layin da nake tsayawa. Na zubar, na sake aunawa.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An ɗage zaman.

Mun zauna a zauren tun ƙarfe goma, mu goma sha ɗaya, kowa da robar ruwa a gabansa. Sha biyu saura Sakatare ya shigo ya ce Ciyaman ya yi tafiyar gaggawa, sai Talata mai zuwa. Dogo, kansilan unguwar tasha, wanda kujerarsa ke kusa da tawa, ya raɗa min cewa ya ga motar Ciyaman a bayan ofis, direban na wanke ta.

Takardar saukata tana cikin jaka. Layi huɗu ce. Ban sa mata kwanan wata ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ranar inji. Na biya da hannu. Awarwarona biyu ba sa nan, na sayar, Malam bai tambaya ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ciyaman ya aiko in zo. Ofishinsa sanyi kamar ɗakin ajiyar magani. Ya taso da kansa ya ja min kujera, yana kirana Uwa.

Ya ce, "Uwa, na ji abin da ya samu katin Baba. Wallahi raina ya ɓaci. Ke da kika karɓi haihuwar rabin garin nan, a ce ke ake wa haka?"

Na ce doka ce.

Ya ce doka ce, amma akwai asusun jinƙai a hannunsa, kuma yana iya sa hannu a ɗauki nauyin Baba har ƙarshen wa'adina. Ya ce ba ya neman komai. Sai dai in ranar zama ta zo, ko kaina ne ya ɗan yi ciwo na zauna a gida, ba wanda zai ga laifina, kowa ya san ina da majinyaci.

Na kalli kalandar da ke bayansa. Hoton shagunan ne a jiki, an riga an zana su, har da mutane suna shiga da fita da leda a hannu.

Na ce zan yi tunani. Abin da ya fi damuna ke nan. Ban ce a'a ba. Na ce zan yi tunani, kuma duk hanyar gida tunanin na yi.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Matan unguwa sun zo gaishe da Malam, su bakwai. A cikinsu har da mai sayar da gawayi, wadda 'yarta ta haihu a bayan motar haya bara, a kan hanyar babban asibiti, jaririn ya zo amma uwar ba ta kai ba. Ita ce ta fara zuwa gidan nan ta ce in tsaya takara. Ta kawo jikan, yana tafiya yanzu, ya kama ƙafar kujerar Malam yana jijjigawa.

Ba su yi maganar filin ba. Sun sha ruwa, sun yi addu'a, sun tafi. A bakin ƙofa mai gawayi ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, mun san kina nan." Shi ke nan abin da ta ce.

Ina nan. Ina kuma zan je?

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Malam ya sani. Tun ranar farko ya sani.

Muna dawowa a mota ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ɗauka kunnena ma injin ya wanke?" Tun da aka rantsar da ni haka yake kirana, don tsokana. Ya ce ya ji abin da yarinyar ta faɗa, ya ga hannuna babu awarwaro, ya bar ni ne ya ga iya gudun ruwana.

Na gaya masa komai, har da maganar Ciyaman.

Ya ce, "In kika yi ciwon kai ranar nan, ni ba zan ƙara hawa gadon injin ba. Ki rubuta ki ajiye."

Na ce to in sauka yanzu, a fara ƙirga casa'in ɗin.

Ya ce, "Ni na ce ki tsaya. Ni na kai ki kika karɓo takarda. Ki jefa ƙuri'arki."

Sannan ya ce a cire Laraba. Sau biyu a sati ya ishe shi, wai ai shi ba tsohuwar mota ba ce. Na ce ba shi ke yanke wannan ba, likita ne. Ya ce likita ba shi ke biya ba.

Na fi shi sanin abin da cire Laraba yake nufi. Ban rubuta a nan ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

An sake ɗagewa. Wai ana fentin zauren. Na leƙa. Bokiti ɗaya ne a tsakar ɗaki, da buroshi busasshe.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Muna gida. Yana sauraron rediyo. Ni ina kallon ƙafafunsa.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na koma taga ta uku, ko akwai wata ƙofa da ban gani ba. Na tambaya ko za a iya mayar da Malam kan katin Auta, tunda malamar makaranta ce. Matar ta ce katin ma'aikaci mai ci yana ɗaukar miji ko mata da 'ya'ya, ba ya ɗaukar iyaye. Na tambaya ko akwai inda ake ɗaukaka ƙara. Ta ce akwai kwamiti, yana zama sau biyu a shekara, ya zauna watan jiya.

Ta rage murya ta ce, "Ke ce ta huɗu a bana. Wani tsohon shugaban makaranta sati biyu ya yi a kujera ya gudu. Dokar an yi ta ne don manya masu cin albashi biyu, amma su ba sa zuwa tagar nan."

Da zan tafi ta ce in ina da niyyar sauka, in kawo takardar da hannuna, kada in bari ta bi ta ofis, don tana iya yin wata guda a kan teburin wani.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ranar inji. Sun cire masa ruwa mai yawa, ya fito jiri na ɗibarsa. Likitan, yaron kirki, ya ja ni gefe ya ce, "Sista, ke ba sai na yi miki bayani ba." Na ce ba sai ka yi ba.

Yau bai yi wasan keken ɗinki ba.

Ɗanmu da ke nesa ya kira. Ya turo abin da ya samu. Ya ce, "Mama, me ya kai ki siyasa da tsufanki?" Na ce ga babanka, na miƙa wayar.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Shekara talatin da biyar ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba. Ko ta karɓar safar hannu ce.

Maganar katin tana shafi na uku na takardar takarar, can ƙasa, da ƙananan haruffa. A lokacin sau ɗaya ake masa a sati, kuma likita na cewa akwai alamar sauƙi. Na ce a raina ai ba za su yi wa mutum irina haka ba, in ma sun yi na san mutane. Malam na tsaye a kaina da biro, yana cewa yi sauri kada a rufe ofis.

Shi bai karanta ba. Tabaransa na gida.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo ya nuna min wani abu a dokar majalisa. In kansiloli shida suka sa hannu, dole a yi zama cikin kwana bakwai, ko Ciyaman na nan ko ba ya nan. Na bar Malam a kan inji da Auta, na shiga gari neman hannu.

Huɗu sun sa ba gardama. Ni ta biyar. Da na dawo kan Dogo, shi da ya kawo shawarar, sai ya fara shafa ƙeya. Ya ce an yi masa maganar shago biyu a cikin ginin, ga shi da 'ya'ya tara. Muna tsaye a bakin tasha, hayaƙin motoci na shiga mana ido.

Na ce, "Dogo, cikin taran nan, nawa na karɓa?"

Ya ce, "Shida, Sista."

Na ce, "Na ukun, wanda ya zo ta ƙafa, a ina aka haife shi?"

A ɗakin haihuwar nan ne, ya sani. Ya karɓi biron, ya ɗora takardar a kan murfin wata mota ya sa hannu. Ya ce, "Kin san dai kin cuce ni." Na ce na sani.

Ban taɓa yi wa kowa gorin aikina ba sai yau. Ban ji daɗin bakina ba.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sakatare ya kafe sanarwa. Juma'a, ƙarfe goma na safe. Duk kwanakin da ke cikin sati, sai Juma'a ƙarfe goma. Sun san ranar inji, sun san lokacin.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Takalminsa ya ƙi shiga. Na sa masa filo uku, a kwance numfashi ba ya isarsa. Na ce mu je yau, ko me za a sayar a sayar. Ya ce jibi ba nisa.

Na auna ruwan. Na sake aunawa. Na leƙa jaka, takardar na nan.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Direban Ciyaman ya kawo kwandon lemo da ambulan, wai a gaida Baba. Malam ya ce a mayar da ambulan ɗin, lemon kuma a gaya wa Ciyaman likita ya hana shi. Gaskiya ne, an hana shi. Direban ya tsaya yana kallona ko zan ce wani abu. Na kalli bango.

Da motar ta tashi sai da na ji kamar in bi ta da gudu. Wannan ma gaskiya ne.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta zo da sassafe ta tafi da shi. Sai da mutum biyu suka riƙe shi zuwa mota. Ta ce min, "Ki je abinki," ba ta kalle ni ba. Shekara biyu ban taɓa fashin raka shi ba.

Zauren ba a yi masa fenti ba. Ciyaman ya zo da kansa, ya yi jawabi na kusan awa guda a kan ci gaba. Wayata na kife a cinyata. Ta yi motsi sau biyu, ban juya ta ba. Matan unguwa na tsaye a waje, ina hango kawunansu ta taga.

Aka ce masu goyon bayan a ba da fili su ɗaga hannu. Biyar. Waɗanda ba su yarda ba. Na ɗaga, na kalli gefena. Hannun Dogo ya tashi a hankali, kamar an ɗaura masa dutse, amma ya tashi. Shida.

Sai a lokacin na juya wayar. Auta ce. Jininsa ya faɗi a kan inji, sun tsayar, sun tayar da shi, sun ci gaba. Saƙo na biyu: "Ya ce nawa da nawa?"

Na fito da takardar, na sa kwanan wata, na kai wa Sakatare ya buga hatimi. Yana bugawa ya ce min, ba tare da ya ɗago ba, doka ta ba da dama a sake kawo maganar filin bayan wata shida, kuma kafin nan an cike kujerata da wani. Na ce na sani. Ciyaman ya tare ni a baranda, ya ce, "Allah ya ba Baba lafiya, Uwa." Fuskarsa a sake.

Na bi ta ƙofar baya, don kada in haɗu da matan. Na kai kwafin taga ta uku da hannuna, saura minti ashirin a tashi. Matar ta karɓa, ta rubuta lamba a kai, ta ce daga yau ake ƙirgawa.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya masa shida da biyar, ya yi murmushi. Na gaya masa na sauka, ya juya fuska bango. Tun jiya bai yi min magana ba. Ruwansa ma sai Auta ta miƙa masa yake karɓa.

Mai gawayi ta zo ita kaɗai. Labari ya riga ya kai musu. Na fito tsakar gida na gaya mata da bakina, har da maganar wata shida.

Ta ce, "To wa zai tsaya mana?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Da kin gaya mana halin da kike ciki." Ta kwance bakin zanenta za ta ba ni wani abu, na riƙe hannunta. Muka yi ta ja, har ta haƙura. Ta tafi ba ta ce min Sista ba, ba ta ce Kansila ba. Ta ce, "Sai an jima."

Litinin, 2 ga sabon wata, ƙarfe bakwai na safe

Ranar inji. Auta ta ce ita da yayanta za su ɗauki Laraba, a mayar da ita. Har zuwa yaushe, ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina ɗaki ina neman jakar asibiti na ji ya kira ni. Ba "ranki ya daɗe" ba. Sunan da yake kirana da shi tun ina ɗalibar jinya, wanda ko yaran ba su sani ba.

Yana zaune a bakin gado, riga a hannu, ya kasa ɗaga ta sama da kafaɗa. Na karɓa na sa masa. Ina ɓalle maɓallan ya ce, "Wata shida. In na miƙe, gida gida za mu bi mu samo wadda za ta tsaya. Mace, mai taurin kai, wadda mijinta ke da lafiya."

Na ce sai ka miƙe tukuna.

Ya ce, "Kin karanta takardar takarar nan a lokacin, ko?"

Na ce na karanta.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ko da tabarau a idona, da na ce ki sa hannu." Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Ban tambaye shi ba.

Mota ta iso, tana ƙofa. Saura kwana tamanin da bakwai.